Yadda na gyara kwale-kwalen Baba da ke yoyo

Mun yi kusan wata biyu muna bin kogin Gongola. Ko da muka dawo Dadin Kowa, ruwa na shiga ta ƙasa, sai mutum ɗaya ya zauna da ƙwarya yana kwarfewa.

Da farko na yi gaggawa, na shafa kwalta katakon yana jiƙe. Kwana biyu ta ɓamɓare. Asarar kuɗi kawai.

Sai muka jawo shi tudu muka kifa a inuwa, don rana tana tsaga katako. Da ya sha iska kwana 5 na bi shi da wuƙa: duk inda ta nutse kamar cikin dafaffen rogo, ruɓewa ce. Katako ɗaya na cire ɗungurungum, kafinta ya yanko sabo. Ƙusoshi kuwa tsatsa ta cinye su, na canza. Tsakanin katakai na cusa auduga ina dannawa, na zuba kwalta mai zafi, na rufe da siririn kwano.

Kafin mu mayar da shi dam, na zuba ruwa cikinsa na leƙa ƙasa. Wuri ɗaya kusa da goshi yana ɗiga. Baba ya ce, "Ramin tsohuwar ƙusa ne, yaro." Shi ne kuwa.