Yadda Ake Jan Tirelar Jirgin Ruwa da Kula da Ita a Hanyoyin Lagdo da Maga

Tun da aka tare ruwan Maga a shekarar 1979, aka kuma kammala madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai a 1982, kamun kifi da jigilar kaya ta ruwa suka zama sana'ar mutane masu yawa a arewacin Kamaru. Babban kwale-kwalen katako yakan zauna a ruwansa shekara da shekaru, amma ƙaramin jirgi mai inji a baya, musamman na roba ko na alminiyam, sau da yawa a gida ake ajiye shi, a ɗora shi a tirela a kai shi bakin ruwa idan buƙata ta taso. Wannan tirela, wadda wasu ke kira remok da bakin Faransanci, ta bambanta da sauran tireloli ta fuska ɗaya: ita kaɗai ce ake tura ƙafafunta cikin ruwa da gangan bayan ta sha tafiya ta yi zafi. Daga nan ne mafi yawan lalacewarta ke farawa, don haka wannan jagora zai fi daɗewa a kan abin da ya shafi ƙafafun da bakin ruwa.

Kafin a ɗaura komai sai an san nauyin kayan. Nauyin da mota za ta ja ya haɗa da jirgin, da tirelar kanta, da injin, da man fetur, da raga da ƙanƙara da duk abin da aka zuba a ciki. Injin mai ƙarfin doki 40 irin wanda masunta suka saba da shi yana kaiwa wajen kilo 70, jarkar fetur mai lita 20 tana da kilo 15 ban da nauyin jarkar, ruwan sama kuwa da ya kwana a cikin jirgi kowace lita kilo guda ce. Saboda haka a cire toshiyar ƙasan jirgi ruwan ya tsiyaye kafin a kama hanya. Littafin mota yana faɗin iyakar abin da za ta iya ja, kuma adadi biyu ne, ɗaya na tirela mai birki, ɗaya na marar birki, wanda ba ya wuce kilo 750. Wannan adadi na 750 ya shafi takardu ma, domin tirelar da ta wuce shi tana buƙatar lasisin tuƙi na rukunin E, kuma jandarmomin da ke kan hanya suna da ikon tambaya.

Bayan jimillar nauyi, sai yadda aka raba shi. Wuyan tirela ya kamata ya danna dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na dukan nauyin, wato idan tirela da kayanta kilo 700 ne, wuyan ya ɗauki tsakanin kilo 35 da 70. Ana iya aunawa da sikelin awon mutum: a ajiye shi a ƙasa mai daidai, a tsayar da guntun katako a kansa, a sauke wuyan tirelar a kan katakon daidai tsayin da yake zama a jikin mota. Jirgin ruwa yana da wata illa a nan, domin inji a can ƙarshe yake, kuma mutane sun saba tara jarkoki kusa da shi. Idan baya ya yi nauyi wuya ya yi sakayau, tirelar za ta fara kaɗa gindi da zarar gudu ya ƙaru. Maganin shi ne a matso da jarkoki da raga gaba, ko a matsa jirgin kansa gaba kaɗan tare da sandar da goshinsa ke jingina da ita.

Wajen haɗa tirela da mota, dole girman dunƙulen ƙarfen ya dace da bakin tirelar. Kayan da suka zo daga Turai milimita 50 ne, na Amurka kuma da inci ake auna su, kuma bakin da ya fi dunƙule faɗi zai iya fizgewa a rami na farko. Idan an kulle bakin, a sa fil a hannun makullin, sannan a ɗaga wuyan da ƙarfi a gani ko zai fita. Sarƙoƙi biyu na kariya a gitta su a ƙarƙashin wuya, ta dama zuwa hagu, ta hagu zuwa dama, domin idan bakin ya suɓuce su tallafe wuyan kada ya caki kwalta. A bar musu sassaucin da zai isa shan kwana, amma kada su ja ƙasa. Jirgin kansa ana ɗaure shi a wuri uku, goshi da kusurwoyin baya biyu, da ɗamara mai ƙarfi, domin igiyar na'urar da ke jawo shi kan tirela ba ta isa ta riƙe shi ita kaɗai ba. Injin kuma a ɗaga ƙafarsa, wato ɓangaren da farfela take, a tokare ta, tun da hanyar ƙasa mai gargada tana iya fasa katakon bayan jirgi idan ƙafar na lilo. Daga ƙarshe wani ya tsaya a baya ya duba fitilar birki da sigina yayin da direba ke gwada su.

Tuƙin kansa ba shi da wuya ga wanda ya rage gudu. A ganina kilomita 60 zuwa 70 a awa ya wadatar a kan kwalta mai kyau, domin tayar tirela ƙarama ce, tana juyawa fiye da ta mota a tafiya ɗaya, zafinta kuma yana hawa da sauri a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. A ninka tazarar da aka saba bari tsakanin mota da ta gaba. A kwana, tayoyin tirela suna yanke hanya ta ciki, don haka direba ya ɗan wuce gaba kafin ya karya sitiyari, musamman a kwanar dama inda kwata da masu babur suke. Idan tirela ta fara kaɗawa, wanda yakan faru bayan babbar mota ta wuce da iska, kada a taka birki da ƙarfi, kada kuma a bi kaɗawar da sitiyari. A ɗaga ƙafa daga totur a riƙe sitiyari a miƙe har ta lafa, sannan a tsaya a gyara kayan. Wanda ya ɗauko jirgi daga Ngaundare zai gamu da doguwar gangaren dutse kafin ya sauka filin Binuwai, kuma a can da ƙaramar giya ake sauka, domin birkin da aka danne tun daga sama yakan yi zafi ya daina kamawa kafin a kai ƙasa.

Ribas ne ke ba sabon direba kunya. Hanya mafi sauƙi ita ce ya ɗora hannu ɗaya a ƙasan sitiyari, sai ya matsa hannun zuwa ɓangaren da yake son bayan tirela ya nufa. A juya kaɗan-kaɗan, a tafi a hankali kamar tafiyar ƙafa, ido a kan madubai biyu. Gajeriyar tirela ta fi doguwa saurin karyewa, kuma da zarar ta fara naɗewa zuwa jikin mota, a tsaya a ja gaba a miƙe ta, a sake. Babu laifi a sake sau biyar. Mai nuna hanya ya zama mutum ɗaya, ya tsaya inda direba ke ganinsa a madubi, domin a bakin ruwa kowa gwani ne, kuma idan mutum goma suna ihu lokaci ɗaya babu wanda direba zai ji. Filin ƙwallo da safe ya fi bakin tafki dacewa da koyo.

A yawancin wuraren da muke sauke jirgi, a Lagdo ko Maga ko gaɓar Logon da Shari wajen Kuseri da Njamena, babu gangaren siminti. Gaɓa ce ta yashi ko laka, kuma bakin ruwan yana matsawa da yanayi, ta yadda a gaɓar da mota ta tsaya lafiya a watan Nuwamba, sabon bakin ruwan zai iya zama taɓo mai zurfi a watan Afrilu bayan ruwa ya ja baya. Baƙar ƙasar nan ta yankin Logon ta fi kowace yaudara, domin samanta yakan bushe ya tsage alhali ƙarƙashinta jiƙe yake. Don haka a fara sauka da ƙafa, a ɗauki gora a caka ƙasa har cikin ruwa inda tayoyin tirela za su tsaya, a nemi rami ko gangare na ba-zata. A tambayi masuntan wurin ko sarkin ruwa inda ake sauka, su ne kuma za su faɗi inda dorina ke kwana, tun da akwai su a Binuwai da Lagdo da Maga.

Kafin tayoyi su taɓa ruwa, a jira minti 15 zuwa 20. Dalilin shi ne cibiyar ƙafa, inda boris yake, wato zoben ƙarfe mai 'ya'ya da taya ke juyawa a kansa, tana zuwa da zafi, iskar da ke cikinta ta kumbura. Idan aka tsoma ta a ruwan sanyi nan take iskar ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa da yashi ta gefen robar da ke tare giris. Wannan jira ba asara ba ne, domin a cikinsa ake mayar da toshiyar ƙasan jirgi, a kwance ɗamarun baya, a zare wayar fitilu daga mota don kada ƙwai mai zafi ya fashe a ruwa, a ɗaura doguwar igiya a goshin jirgi wani ya riƙe. Ɗaurin goshi kuwa ba a kwance shi sai jirgi ya kai ruwa. A koma da baya har bayan jirgi ya fara tasowa, a tsaya nan. Tayoyin bayan mota da bututun hayaƙi kada su shiga ruwa. A ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin mota kafin direba ya fito.

Idan gaɓar ta yi laushi, mota ta tsaya a kan tudu mai ƙarfi. A sa wa tirela waigi, a cire ta daga mota, a haɗa su da doguwar igiya mai kauri ko ɗamarar ja, mota ta ja har igiyar ta miƙe, sannan a cire waigin a saki tirelar a hankali tana bin gangare a kan ƙaramar tayar wuyanta ko a kan faffaɗan katako. Haka ake yi wajen fitarwa. Kada kowa ya tsaya a bayan tirelar ko kusa da igiyar da ke ɗauke da nauyi, domin idan ta tsinke bulala take yi. Wajen hawowa da jirgi, a sa giya ta ɗaya, mota mai jan ƙafa huɗu kuma a sa ta a ƙaramin ja, a tashi a hankali. Tayar da ta fara juyawa a wuri ɗaya rami take haƙa wa kanta, don haka a tsaya a shimfiɗa katako maimakon ƙara wuta.

Sai kula da boris, wanda shi ne zuciyar aikin. A kowace tsayawa a hanya a kai bayan hannu kusa da cibiyar ƙafa. Ɗumi ba komai, amma zafin da hannu ba zai iya jurewa ba alama ce ta giris ya ƙare ko an matse noti da yawa. A gida kuma a ɗaga ƙafar da jak, a juya tayar a saurara ko akwai gurnani, a kama ta sama da ƙasa a girgiza a ji ko tana wasa. A buɗe murfin cibiya a duba giris: idan ya koma fari-fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya shiga. Sai a fitar da boris a wanke da kananzir, a bushe shi, a duba ko ya yi tsatsa ko ƙananan ramuka ko ya sauya launi zuwa shuɗi. In ya yi ɗaya daga ciki, a sauya shi tare da zoben da yake gudu a kai, domin sabon boris a kan tsohon zobe ba ya daɗewa. A cusa sabon giris mai jure ruwa da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, a sa sabuwar roba, kuma kada a gauraya giris iri biyu. Notin cibiya ana matse shi ana juya taya, sannan a sassauta shi kaɗan har tayar ta juya ba tare da turjiya ba, a sa sabon fil. Tirelar da ke shiga ruwa kowane mako ta cancanci wannan aiki sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, tun da ƙurar hunturu ma tana shiga giris ta mayar da shi kamar yashin gugar ƙarfe.

Tayar tirela ba kasafai take sudewa ba, rana ce ke kashe ta tana tsaye. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta wuce shekara shida, ko gefenta ya tsattsage, a sauya ta ko da zanenta bai taɓu ba, kuma wannan ya fi shafar tayoyin gwanjo da ake saya a kasuwa. A auna iska da safe kafin tafiya, a sake matse notocin taya bayan kilomita 50 idan an cire ta. Sifirin da ƙusoshin da ke ɗaure shi suna sassautawa a hanyar ƙasa, wuraren walda kuma suna tsagewa, musamman inda wuya ya haɗu da gangar jiki a tirelolin da aka ƙera a gari. Bayan kowace fita a wanke laka da ciyawar ruwa, a kankare tsatsa a shafa fenti. Idan za a daɗe ba a fita ba, a ajiye tirela a inuwa, a ɗora ta a kan bulo don tayoyi su huta, a ɗaga wuyanta sama kaɗan, a bar toshiyar jirgi a buɗe domin ruwan sama ya fice.

Kayan da ba a barin gida babu su kaɗan ne: safayar taya mai iska, jak da ke shiga ƙarƙashin tirelar, sifanar da ta dace da notocinta, waigi biyu, katako mai faɗi, doguwar igiya, da cikakken boris na ƙafa ɗaya tare da robarsa da fil da gwangwanin giris. Mai faci ana samunsa kusan a kowane ƙauye a kan hanyar Ngong zuwa Lagdo ko ta Marwa zuwa Maga, amma boris mai lambar da ta dace da ƙaramar tirela yawanci sai an koma Garwa ko Marwa. A rubuta lambar da ke jikin boris ɗin a takarda a ajiye ta tare da takardun mota.