Kafin ka ce a yi wa kwamfutar nan fomatin, duba saitinta tukuna

Abin da ke damuna da ƙannenmu masu shagon kwamfuta a Katsina, na bakin makarantu da na cikin gari duka, da zarar kwamfuta ta ɗan yi gardama sai ka ji an ce a kai ta a yi mata fomatin, a goge komai a zuba sabon Windows. Aikin ɗalibai da aka buga ya tafi, hotunan fasfo na mutane sun tafi, ga kuɗin mai gyara, kuma bayan kwana kaɗan matsalar ta dawo don ba a taɓa inda ciwon shike ba. Kamar mutum ne ƙaya ta soke shi a ƙafa a ce a yanke ƙafar. Yawancin abin da muke kira lalacewa saiti ne kawai ya goce, kuma kai da kanka za ka iya maido da shi in ka natsu.

Tambayar farko ita ce me ya canza. Jiya lafiya lau take yau ta ƙi, to tsakanin jiya da yau an ɗauke wuta tana kunne ne, ko an jona sabuwar firinta, ko wani ya soka filashi, ko yaro ya zauna a kai yana danne-danne. Amsar nan ita ke nuna maka inda za ka fara. Sannan ka danna Restart, ba Shut down ba. Mutane na ɗauka abu guda ne, to tun daga Windows 8 akwai wani tsari mai suna Fast startup wanda in ka kashe kwamfuta ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye wani ɓangare na halin da take ciki don ta tashi da wuri, ka ga in da matsala a ciki da ita za ta tashi. Restart ne ke sa ta fara daga tushe.

Daga nan ka kalli agogo, can ƙasa hannun dama. Wallahi wannan ɗan agogon ya sa mutane da yawa asarar kuɗi. Za ka buɗe shafin JAMB ko na makaranta ko Gmail sai Chrome ta rubuto maka Your connection is not private, ka yi ta zagin netwok kana cire layi kana maidawa, alhali kwamfutar ce ke ganin muna wata shekara ta can baya. Shafukan intanet suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, in kwanan watan kwamfutarka bai faɗo tsakaninsu ba to burawza ba za ta yarda da shafin ba. Ka shiga Settings, sai Time & Language, sai Date & time, ka kunna Set time automatically ka danna Sync now. Amma kafin nan duba Time zone, namu shi ne UTC+01:00 West Central Africa. Masu zuba Windows da gaggawa suna barin shi a Pacific Time na yammacin Amurka, wanda muke gaba da su da awa 8 ko 9 gwargwadon lokacin shekara, sai mutum ya gyara agogon da hannu bai taɓa yankin ba, da ta hau intanet sai ta sake maida shi.

In kuwa ka gyara yau, gobe da safe ka kunna ka tarar ya sake komawa baya, ba Windows ba ce, batir ne. Cikin akwatin kwamfutar a jikin babban allonta akwai ɗan batir zagayayye kamar kwabo, an rubuta mashi CR2032, bolt 3 ne, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato ɗan tsarin da ke tada kwamfuta kafin Windows ta hau, lokacin da babu wuta. A nan wajenmu shina saurin ƙarewa saboda kwamfuta ta fi daɗewa ba wuta a jikinta, balle waɗannan ƴan gwanjon da suka riga suka yi shekaru a ofis ɗin wata ƙasa kafin su iso mana. Masu gyaran agogo da masu makullin mota duk suna saida irinshi. Ka kashe, ka zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa allon, sai ka tura ɗan ƙarfen da ke riƙe batir ɗin zai ɗago da kanshi, ka sa sabo gefen da ke da alamar + yana sama.

Mutuwar batir ɗin nan ba agogo kaɗai take ɓatawa ba, kuma nan ne aka fi yin fomatin na banza. Saitin BIOS na komawa yadda ya fito daga kamfani, sai kwamfuta ta tashi ta ce No bootable device, ko ta kawo shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE BOOT DEVICE, sai hankalin mutum ya tashi ya ce had dis ya mutu. Bai mutu ba sau da yawa. Da farko zare duk filashin da ke jiki don wani lokacin daga shi take neman tashi. In bai yi ba shiga BIOS, da ka kunna ka yi ta danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, F1 in Lenovo ce. Duba jerin abin da take tashi daga kai, Windows Boot Manager ko had dis ɗinka ya zama na farko. Sai ka duba saitin SATA, za ka ga AHCI ko RAID ko IDE, Windows ba ta tashi sai a kan wanda aka zuba ta da shi, to in yana kan ɗaya ka gwada ɗayan. Haka ma UEFI da Legacy. Dan Allah abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, kuma ka ɗauki hoton allon da wayarka kafin ka taɓa komai, in bai yi ba ka maida shi yadda ka same shi.

Sai kibod. Wanda ya taɓa neman @ ya ga " ke fitowa ya san haushin abin, musamman in ana cike imel ɗin ɗalibi ga layi a tsaye. Kibod ɗin lafiyarshi lau, tsarin Ingila aka saita alhali na Amurka ne a gabanka, ko akasin haka. Kalli lamba 2 da 3, in @ na kan 2 da # a kan 3 na Amurka ne, in " na kan 2 da alamar fam a kan 3 na Ingila ne. Mu da ke kusa da iyaka, ta Jibiya ko ta Kongolam can wajen Daura, har na Faransa kan faɗo hannunmu, wanda layin sama ya fara da AZERTY, ka danna A ta fito Q. Maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara shi ke juya ka daga wannan tsari zuwa wancan, in wanda kake so babu shi ka shiga Time & Language, sai Language, ka danna harshen ka shiga Options ka ƙara shi, wanda ba ka buƙata kuma ka cire shi gaba ɗaya don kar yara su riƙa juya maka. Wannan kuma shi ke sa wani ya rantse da Allah daidai ya sa lambar sirrinshi amma ta ƙi buɗewa, ka duba ƙasan allon shiga akwai wurin canza kibod a nan. In kibod ya yi kamar ya mutu ko sai ka danne da ƙarfi kafin harafi ya fito, ƙila wani ya danne Shift na dama har daƙiƙa 8 ya kunna Filter Keys, ka kashe shi a Ease of Access, a Windows 11 kuma Accessibility.

Tunda muna kan kibod bari in yi maganar da ke raina. Ana kawo muku katin biki da sanarwar masallaci da rubutun ɗaliban Hausa, kuna bugawa babu ƙugiya, ƙofa ta zama kofa, ɗa ya zama da, kuma wai kwamfuta ba ta da su. Tana da su. Windows na da kibod na Hausa, ta wannan hanyar ta Language za ka ƙara shi. In kuma cikin Word kake, rubuta 0199 ka danna Alt da X tare zai zama ƙ, 0257 ɗ ne, 0253 ɓ ne, 01B4 ƴ ne, manyansu kuma 0198 Ƙ, 018A Ɗ, 0181 Ɓ. Sai dai in lambar na manne da wani harafi da ya zo kafin ta kamar a ko b ko d, Word kan haɗa su ta karanta tare, to ka fara zaɓar lambar ita kaɗai da maus sannan ka danna. Mafi sauƙi ka shiga Insert, sai Symbol, ka ba kowane harafi gajeriyar hanyarshi sau ɗaya ka huta. In ya fito kamar ɗan akwati ka canza salon rubutun zuwa Arial ko Times New Roman.

Intanet kuma yawancinmu hotsipot ɗin waya muke jonawa, kuma kukan kullum shi ne kwamfuta na shanye data. Windows ce ke sauko da sabuntawa a ɓoye don ta ɗauka intanet ɗinka ba shi da iyaka. Shiga Network & Internet, danna sunan wayar taka, ka kunna Metered connection. In da igiyar caji ka jona wayar, a ƙarƙashin Ethernet za ka gan ta, can ma ka kunna. Ban ce ka hana ta sabuntawa har abada ba, ka zaɓi lokacin da kake da data mai sauƙi ka bar ta ta yi. In kwamfutar ba ta ma ganin hotsipot ɗin, duba wayar, ƙila tana kan 5 GHz kuma tsofaffin ƴan abubuwan kama wayfay na USB 2.4 kawai suke gani. In ta jonu amma shafi ba ya buɗewa kuma agogo daidai shike, duba Proxy a kashe Use a proxy server, ragowar VPN da aka goge kan bar shi a kunne. Bayan nan ka rubuta cmd a wurin bincike, ka buɗe shi da Run as administrator, ka rubuta ipconfig. Lambar da ta fara da 169.254 na nufin kwamfutar ba ta samu adireshi daga waya ko rawuta ba, ka kashe su ka kunna, sai ka rubuta ipconfig /release, sai ipconfig /renew, sai ipconfig /flushdns, in ta kama har netsh winsock reset sannan Restart.

Firinta matsalarta biyu ce galibi. Ko dai ƙasan takarda na yankewa ko rubutu ya karkace, wannan girman takarda ne, an bar shi a Letter na Amurka mai 216 da 279 milimita, mu kuma A4 muke saye mai 210 da 297, ka gyara a Printing preferences kuma ka gyara cikin Word ɗin. Ko kuma ka tura aiki ya maƙale ya ƙi fita ya ƙi goguwa. Danna Windows da R ka rubuta services.msc, nemo Print Spooler ka tsayar da shi, ka shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka goge abin da ke ciki, folda ɗin kanta ka bar ta, sai ka dawo ka tada shi. Ka kuma kashe Let Windows manage my default printer ka zaɓi taka da kanka. Tunda ka shigo Settings, je Region ka maida Regional format zuwa English (Nigeria), don Excel ta daina sa wata kafin rana.

Sauti in ya ɗauke bayan ka jona talabijin ko majigi ta HDMI, can ya koma, danna alamar lasifika ka zaɓi naka. Majigi ya ƙi nuna hoto, Windows da P sai Duplicate. Allo ya yi baƙi amma kana jin kwamfutar na aiki, Windows da Ctrl da Shift da B tare na tada direban hoto.

Ɗaukewar wuta tana cikin aiki ita ce ke lalata fayilolin Windows da gaske, shi ya sa nike cewa mai shago ya sayi UPS, ɗan akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko ƙarami ne kafin ya sayi kujera mai juyawa. In abin ya riga ya faru, buɗe cmd ɗin nan ka rubuta sfc /scannow ka bar shi ya kai ƙarshe, in ya ce ya kasa gyarawa sai DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, amma shi wannan na son intanet. In direba ce, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da wani ɓangaren kwamfuta, aka sabunta abu ya rikice, Device Manager na da Roll Back Driver. In ta ƙi zama lafiya ka danne Shift ka danna Restart, ta Troubleshoot za ka samu Safe Mode da System Restore, wanda ke maida Windows yadda take a wata rana ta baya. Sai dai System Restore ba ya amfani in ba a kunna shi tun farko ba, to yau ɗin nan da take lafiya ka rubuta Create a restore point a wurin bincike ka kunna mashi a kan C. Lokacin hunturu kuma ka riƙa buɗe akwatin kana hure ƙura, kwamfutar da ke kashe kanta a zafin Afrilu ba saiti ne ke damunta ba.

Akwai inda sabon Windows ya wajaba, ban musa ba. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta na kyauta ga kowa ya cika 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na son TPM 2.0, wani ɗan abin tsaro a jikin kwamfuta, da ram giga 4 da wurin ajiya giga 64 aƙalla, yawancin tsofaffin na gwanjo ba su cika sharaɗin ba. To in za a zuba ɗin, ka fara kwafe Desktop da Documents da Downloads zuwa wani had dis na waje, ka buɗe wasu fayilolin a wata kwamfutar ka tabbatar sun kwafu. In kuma kana jin had dis ɗin na ƙara ƙas-ƙas, kar ka tsaya gwada komai cikin abubuwan nan, kwashe aikin mutane tukuna ka nemi SSD, irin ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, ka sa a madadinshi.