Kurakuran da ake yi wajen koya wa yaro riƙe zuciya da zama da mutane

Yaron da ya taso daga firamare da azahar, ya ci abinci a tsaitsaye, ya wuce Islamiyya har kusan magariba, a wuni ɗaya yana ratsa hannun manya huɗu ko biyar. Kowa na cewa ya natsu, amma da wuya a sami mai nuna masa yadda ake yi. Danne fushi, jiran layi, ba da haƙuri da faɗin abin da ke cin rai duk koyonsu ake yi, kamar karatu da lissafi. Wani bincike na 2011 da ya tattara shirye-shiryen makarantu 213 ya gano cewa yaran da aka koya wa waɗannan abubuwa har makinsu na karatu ya ƙaru.

Babban kuskure shi ne yin nasiha cikin zafi. Yaro na birgima a tsakar gida, uwa na tsaye a kansa tana jero laifinsa. Ba ya jin komai, domin sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai bayan shekara 20, kuma fushi na rufe ɗan abin da yake da shi. A fara sauko da shi. Ki durƙusa daidai tsawonsa, ki rage murya, ki faɗi abin da kika gani: "Ranka ya ɓaci saboda Yaya ya karɓe maka ƙwallo." Ki zaunar da shi, ki ba shi ruwa, ku ja numfashi tare sau biyar. Hadisi ma ya koyar da cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna. Sai kukan ya lafa a zo maganar laifi, ita ma a gajarce: "Fushi ba laifi ba ne, amma duka laifi ne. Gobe in ya karɓe, zo ka faɗa mini." In za a ware shi gefe, a yi minti ɗaya a kan kowace shekara tasa, ɗan shekara biyar minti biyar, a inda kike ganinsa. Kulle shi a ɗaki mai duhu tsoro kawai yake dasa masa.

"Namiji ba ya kuka" na daga cikin maganganun da suka fi ɓarna. Yaron da aka hana faɗin baƙin cikinsa da baki zai faɗe shi da hannu, yawanci a jikin ƙanensa. Haka yarinyar da ake yaba wa shiru. Kunya ado ce, amma wadda ta daina wasa, ta rage cin abinci, ko take ciwon ciki kowace safiyar Litinin, a bincika wa ke tsangwamarta a aji ko a hanya. Alkunyar ɗan fari ma kada ta hana shi jin ɗumin iyaye. Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban mutane.

Kwatanta yaro da wani, musamman a gidan da ake da 'yan uba, gaba yake shukawa. A gwada shi da jiyansa: "Yau ka jira har ƙanwarka ta gama."

A makaranta, kuskuren da aka saba da shi har aka daina ganinsa shi ne miƙa wa monita bulala da takardar masu surutu. An koya wa ɗan shekara tara cewa shugabanci duka ne, an kuma buɗe ƙofar toshiya da alewa. Ajin da ya cika maƙil, irin na firamaren Tudun Wada ko Sabon Gari, ya fi tafiya in an raba shi rukuni-rukuni na mutum shida zuwa takwas, kowa da aikinsa (rabon littattafai, share allo, tattara aikin gida), ana juyawa duk mako. Dokokin aji kada su wuce huɗu, a tsara su tare da yaran. In biyu sun yi faɗa, kada a tsaya a "ku gaisa, ya wuce". Kowa ya faɗi nasa ba a katse shi ba, ya maimaita abin da ɗayan ya ce, sannan su fitar da gyara.

Sai rashin magana tsakanin gida da makaranta. Uba ba ya leƙawa sai an aiko takarda, malami ba ya kira sai an yi ɓarna. In an yi rasuwa, haihuwa, saki ko ƙaura, a sanar da malamin aji a makon, domin a nan ne hali ke sauyawa, har fitsarin kwance ya dawo. Kafin a ce yaro fitinanne ne, a duba barcinsa da karin kumallonsa: ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12 na barci. In sauyin ya haura wata guda, ko yaron na cutar da kansa, a kai shi ga likitan yara, a asibiti mafi kusa ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Shika, Zariya.