Yadda na gyara majigin aji da ya ƙi nuna darasi

Majigin makarantarmu tsohon yayi ne, ramin VGA kawai gare shi, wato tsohon ramin soka wayar hoto, kwamfutata kuwa sai na zamani, HDMI. Na sayo ɗan mahaɗi na jona, amma bango ya tsaya shuɗi, yara na ta ƙus-ƙus. Ashe kwamfutar ce ba ta tura hoton waje ba. Na danna maɓallin Windows haɗe da P, na zaɓi Duplicate, wato abin da ke fuskar kwamfuta ya fito a majigi ma, nan take taswirar Kogin Neja ta fito raɗau.

Sai bidiyo ya zo ba sauti. Wayar VGA hoto kaɗai take ɗauka. Na shiga saitin sauti na mayar da shi kan kwamfutar, na soka ƙaramar sifika a ramin iyafis, har 'yan bencin baya suka ji.