Yadda na gyara bukkar fakon farauta da baka

Alhamdulillahi, bukkar ta daidaita, godiya ga Baba maharbi na unguwarmu nan Maradi da ya ce in auna ta da baka a ja.

Matsalar: in na saki tsirkiya a zaune, sai kibiya ta karkace. Na canza tsirkiya, na canza kibau, duk a banza. Ashe kan baka ne ke bugun rufi, gwiwar hannuna kuma na tokare zana ta baya.

Na kwance bukkar. Na zauna kan kujera mai tsayin santimetir 40, na ja baka iya ja, yaro ya auna. Bakana metir 1 da 40 ne, sai na kai rufin metir 1 da 80, daga gaba zuwa baya metir 1 da 60. Dirkoki huɗu na geza, zanar gamba, ɗauri da igiyar kaba, don waya ƙara take.

Tagar harbi ce ta fi cin lokaci. Da a kwance na yanka ta. Yanzu a tsaye take, faɗi santimetir 20, tsawo 45, bakinta na ƙasa taƙi guda ƙarƙashin kibiya, domin ido na iya ganin fili alhali kibiya na gogar zana. Na rataya baƙin zane a bayana, zabin daji ba sa ganin motsi cikin duhu.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, shi ya sa na mai da bukkar kudu maso yammacin tabkin da nake fako, taku 15 daga bakin ruwa, don kada iskar ta kai warina can.