Yadda Ake Magance Tsinkewar Sauti da Jinkiri Wajen Ɗaukar Waƙa a Kwamfuta

Matsala biyu ce ta fi addabar mai ɗaukar waƙa a ɗaki. Ta farko, ana cikin sauraron aiki sai sauti ya riƙa ƙas-ƙas, ko ya ɗauke na ƙiftawar ido ya dawo. Ta biyu, mawaƙi ya furta kalma a makirfo amma ta iso kunnensa a makare, har ya kasa hawa kiɗa. Igiya ɗaya ce ke riƙe da su duka biyun, wato bafa. In ka ja gefe ɗaya, ɗayan sai ya motsa.

Bafa wani ɗan mazubi ne da kwamfuta ke tara gutsattsarin sauti a ciki kafin ta sarrafa su ta miƙa wa akwatin sauti, wato na'urar da ake jona makirfo da hedifon a jikinta ta haɗa su da kwamfuta. In mazubin ƙarami ne, sauti yana fita da wuri, amma furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana da ɗan lokaci kaɗan na gama lissafi. Duk sanda ta makara, akwatin sauti ya tarar da mazubi wayam, nan ne kake jin ƙas ɗin nan. In kuwa mazubin babba ne, furosesa ta samu sarari, amma murya ta makara.

Lissafin bai da wuya. Raba girman bafa da yawan samfur, wato gutsattsarin sautin da ake ɗauka, a sakan ɗaya; amsar a sakan take, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. A kan samfur 48,000 a sakan, bafa 128 tana ba da milisakan 2.7, 256 tana ba da 5.3, 512 tana ba da 10.7, 1024 kuma 21.3. Wannan tafiya ɗaya ce kawai. Murya sai ta shiga sannan ta fito, don haka ka ninka biyu, ka ƙara ɗan abin da akwatin sautin kansa ke ci. Sauti yana tafiyar kusan santimita 34 a milisakan ɗaya, saboda haka jinkirin milisakan 10 kamar tsayawa ne mita uku da ɗoriya daga lasifika. Yawancin masu kiɗa ba sa damuwa da abin da bai kai haka ba. Mawaƙi ya fi saurin tsarguwa, domin yana jin muryarsa ta cikin ƙashin kansa nan take, ga kuma ta hedifon tana biyowa baya.

Fara da tantance irin ƙarar

Kafin ka taɓa komai, ka fitar da waƙar zuwa fayil ɗin WAV ka saurara a wata manhajar. In fayil ɗin ya fito tas, to kwamfuta ce ke gazawa lokacin kunnawa kai tsaye, aikinka lafiya lau yake. In kuwa ƙarar ta biyo fayil ɗin a daidai wuri ɗaya kullum, ta riga ta shiga cikin abin da aka ɗauka. Buɗe layin muryar ka zuƙo hotonta sosai. In ka ga saman igiyar sautin a shafe kamar an datse shi da wuƙa, ƙarfin shiga ne ya yi yawa. Rage maɓallin ƙarfi a akwatin sauti har kololuwar murya ta riƙa tsayawa wajen -12 a ma'auni, ka ɗauka a kan bit 24. In ƙarar na zuwa ne duk sanda aka motsa waya, canja wayar makirfo kawai.

Direba

A Windows, shiga saitin sauti na manhajar da kake ɗaukar waƙa da ita ka duba wane direba aka zaɓa, wato 'yar manhajar da ke sada kwamfuta da akwatin sauti. MME da DirectSound ba a yi su don wannan aiki ba, jinkirinsu yana da yawa. Abin da kake so shi ne ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg ya ƙirƙira, kuma wanda masu ƙera akwatin sautinka suka rubuta masa musamman. Sauke sabon daga shafinsu. ASIO4ALL da FL Studio ASIO na wanda ba shi da akwatin sauti ne, yana lallaɓawa da sautin cikin kwamfuta. Abin takaici ne a ce mutum ya sayi akwati mai kyau amma ya bar manhajarsa a kan ɗaya daga cikinsu, kuma hakan na faruwa sosai. A Mac babu wannan wahalar, Core Audio ya wadatar ga yawancin akwatuna.

Bafa biyu, aiki biyu

Kada ka nemi lamba ɗaya da za ta yi maka komai. Lokacin ɗauka sa 128, in kwamfutar ta yi ƙorafi ka hau 256. Lokacin haɗa sauti, inda babu mai rera komai, ka kai ta 512 ko 1024, jinkiri ba ya cutar da kowa a nan. A FL Studio akwai lambar da ke ƙirga sau nawa bafa ta ƙare a shafin saitin sauti. Kunna wurin da waƙar ta fi cunkoso ka zuba mata ido. In tana hawa, ƙara bafa mataki ɗaya.

Wasu na hawa samfur 96,000 a sakan don rage jinkiri. Gaskiya ne yana raguwa da rabi a bafa iri ɗaya, sai dai nauyin furosesa ya kusa ninkawa. Ga ɗaukar gida, 44,100 ko 48,000 sun isa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambar ta zama ɗaya a manhaja, a akwatin sauti, da saitin sautin Windows. In suka saɓa, za ka iya jin ƙas-ƙas a kai a kai, ko waƙa ta canja amo da gudu.

Bar mawaƙi ya ji kansa kai tsaye

Yawancin akwatunan sauti, irin su Focusrite Scarlett, suna da maɓallin sauraro kai tsaye. Shi yana tura murya daga makirfo zuwa hedifon ba tare da ta ratsa kwamfuta ba, jinkiri ya zama kamar babu. Da ka kunna shi, ka kashe sauraron wannan layin a cikin manhaja. In ka bar su biyun, mawaƙi zai ji muryarsa ninki biyu, tana wani amo kamar daga cikin bututu. Aibinsa ɗaya: murya za ta zo a bushe, babu amsa-kuwwa, babu gyaran murya. Mawaƙin da ya saba rera waƙa yana jin Auto-Tune a kunnensa dole a bi da shi ta manhaja, da ƙaramar bafa.

Hedifon na Bluetooth kuwa a ajiye shi gefe. Jinkirinsa kan wuce milisakan 100, babu saitin da zai gyara wannan.

Fulogin masu cin lokaci

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa: bafa tana 128, amma murya na makara sosai. Wasu fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake ɗorawa a kan layi, sai sun leƙa sautin da ke gaba kafin su yi aiki, musamman limita mai hana sauti wuce iyaka, da masu cire hayaniya, da wasu ikwalaiza masu daidaita amon sauti. Manhaja kuma tana jinkirta sauran layuka don su daidaita da su. Limita ɗaya a kan babban layi, inda duk layukan ke haɗuwa, ta isa ta makarar da kowa. Cire duk abin da ke babban layi kafin ɗauka. A wasu manhajojin kashe fulogin bai isa ba, sai an fitar da shi gaba ɗaya. Cubase, Logic Pro da Ableton Live duk suna da zaɓin rage jinkiri lokacin ɗauka.

Don rage nauyi, daskarar (freeze) da layukan kiɗa masu nauyi ko ka mayar da su sauti zalla. Amsa-kuwwa guda ɗaya a layin aike, wanda sauran layuka ke tura masa sautinsu, ta fi guda goma a kan layuka goma. Hanya mafi tsafta ita ce fitar da kiɗan duka a fayil ɗaya, ka buɗe sabon aiki, ka ɗauki muryoyi a kansa, sannan ka mayar da su cikin aikin asali.

In ma'aunin furosesa yana ƙasa amma sauti na tsinkewa

To wani abu ne daban ke tare hanya. Jona laftof da caja, domin a kan batir furosesa tana rage gudu. A saitin wuta na Windows zaɓi High performance, ka kashe USB selective suspend. Soka akwatin sauti kai tsaye a jikin kwamfuta, kada ta cikin mahaɗar USB mai baki da yawa, ka kuma gwada wata kafar da wata wayar. Rufe burauza da manhajojin da ke tura fayiloli intanet a ɓoye. Taɓa ƙasan laftof ɗin: in ya yi zafi sosai, furosesa na sassauta kanta, shi ya sa wani aikin ke fara tsinkewa sai bayan rabin awa. Ɗaga shi ya sha iska, a share ƙurar fanka.

In har yanzu yana tsinkewa, sauke manhajar LatencyMon, ka bar ta tana gudu minti 10 zuwa 15 waƙa na kunne. Za ta nuna direban da ke riƙe furosesa fiye da kima. In ka ga ndis.sys, na hanyar sadarwa ne, kashe Wi-Fi ka sake gwadawa. nvlddmkm.sys na katin hoto na Nvidia ne, sabunta shi. ACPI.sys kuma yana da alaƙa da sarrafa wuta da batir. Abu ɗaya za ka riƙa canjawa, ka kunna wuri ɗaya na waƙar, ka rubuta sakamako. In ka canja biyar a tare, ba za ka san wanne ya yi maganin ba.

In murya ta sauka a bayan kiɗa

Wani lokaci mawaƙi ya hau kiɗa daidai, amma abin da aka ɗauka ya zauna a baya kaɗan. Gwajinsa: ɗauki waya ka haɗa mafitar akwatin sauti da mashigarsa, ka kashe sauraron wannan mashigar don kada ta yi kuwwa, ka rage ƙarfi. Kunna bugu ɗaya mai kaifi, ka ɗauke shi a sabon layi. Zuƙo layukan biyu har ka ga farkon kowane bugu, ka auna tazarar da ke tsakaninsu da samfur. Wannan lambar za ka sa a gurbin daidaita jinkirin ɗauka na manhajarka, Reaper da Audacity duk suna da shi. Sake gwajin har bugun biyu su tsaya a layi ɗaya, kuma ka maimaita shi duk sanda ka canja direba ko akwatin sauti.