Kafin ka sayi ƙaramin majigin leza a Legas, fara da auna falonka

Aikina haɗa dish da rataye talabijin, daga nan Agege zuwa Idi-Araba har Mile 12, duk inda aka kira ni. A 'yan shekarun nan, abin da mutanenmu suka fi tambayata a kai shi ne ƙananan majigin nan masu hasken leza, waɗanda wani bai fi butar shayi girma ba amma ya cika bango da hoto mai inci 100. Sai mutum ya turo mini hoton kwali a WhatsApp ya ce, "Malam, 4K ne wannan, in saya?" Ni kuwa ba na amsawa sai na ji abu uku: girman falon, lokacin da ake kallo, da irin wutar da ake samu a layin. Waɗannan su ne za su zaɓa maka na'ura. Rubutun jikin kwali daga baya yake zuwa.

Ɗauki tef ka auna faɗin bangon da hoton zai sauka a kai, sannan ka auna daga bangon zuwa inda na'urar za ta zauna. Hoto mai inci 100 faɗinsa kusan santimita 221 ne, tsayinsa 125. Mai inci 120 kuwa faɗinsa 266, tsayinsa kusan 150. A takardar kowane majigi akwai wata lamba irin 1.2:1, ita ke nuna nisan da yake buƙata. Ninka faɗin hoton da wannan lamba. Idan 1.2 ce kuma inci 100 kake so, idon na'urar zai tsaya mita 2.65 daga bango. Don inci 120 sai an ja shi baya zuwa mita 3.2. Falon ciki-da-falo a gidajen hayar da nake shiga sau da yawa nan ne iyakarsa, ga kujeru, ga hanyar wucewa zuwa kicin. Ka duba ko masu wucewa za su riƙa tare hasken, in kuma a silin za a rataye shi, ka tabbata fanka ba ta ratsa tsakani ba. Akwai wani nau'i mai lamba kamar 0.25:1 da ake ajiyewa a kan kanta dab da bango, yana harba hoton sama. Ya dace da ƙaramin falo, sai dai ya fi girma, ya fi tsada, kuma duk wani ɗan tudu ko kwari na filasta sai ya tona shi.

Batun haske shi ne inda aka fi cutar mutane, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Ana auna hasken majigi da lumen, amma ba kowane lumen ne na gaskiya ba. Wanda za ka yarda da shi shi ne wanda aka rubuta ANSI ko ISO a gefensa, ko CVIA a kan wasu kayan ƙasar Sin. Idan ka ga ƙaramar na'ura mai araha an rubuta mata lumen 9,000 ko 15,000 ba tare da ɗaya daga cikin waɗannan ba, ka ajiye ta. Abin ya yi yawa har kamfanin Epson ya kai masu sayar da majigi da dama ƙara a Amurka kan lambobin haske na ƙarya. Ƙananan na gaske ba sa kuri. LG CineBeam Q lumen 500 ne na ANSI, Nebula Capsule 3 Laser na kamfanin Anker 300 ne, Epson EF-12 kuma 1,000. Manyan cikinsu irin na Hisense, XGIMI da JMGO su ke kaiwa 2,000 ko fiye.

Me waɗannan lambobin ke nufi a falonka? A ɗaki mai duhu sosai, lumen 500 na gaskiya a kan inci 100 yana ba da hasken da ya kai na allon sinima. Amma da zarar ka kunna ƙwan falo ɗaya, ko rana ta leƙo ta taga, baƙin hoton ya koma toka-toka, launuka su dusashe. Dalili kuwa majigi ba ya iya haska baƙi. Baƙin da kake gani shi ne duhun bangon kansa, saboda haka in bangon na samun haske daga wani wuri, an gama. Sannan duk sanda ka ƙara girman hoto, haske ɗaya ne kake shimfiɗawa a wuri mafi faɗi: daga inci 100 zuwa 120 za ka rasa kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin hasken. Shi ya sa nake tambayar lokacin kallo. Mai kallon gasar zakarun Turai, da ake bugawa ƙarfe 8 ko 9 na dare agogonmu, ƙarami ma zai ishe shi in zai kashe fitila. Mai son wasan Firimiya na ranar Asabar da rana, da yara da baƙi a falo kuma taga a buɗe saboda zafi, ko dai ya nemi mai lumen 2,000 zuwa sama ya haɗa da labule mai kauri, ko kuma ya sayi babbar talabijin ya huta. Na sha gaya wa mutane haka, ko da kuwa aikin haɗa majigin ya fi kawo mini kuɗi, domin ba na son mutum ya zuba dukiyarsa a abin da zai riƙa ba shi haushi kullum.

Sai maganar 4K. Hoton 4K ɗigo 3840 ne a kwance da 2160 a tsaye, wato kusan miliyan 8.3, ninki huɗu na 1080p. Yawancin ƙananan majigin 4K suna amfani da wani ɗan guntu na kamfanin Texas Instruments mai girman inci 0.47, wanda ƙananan madubansa 1920 ne sau 1080. Dabarar ita ce ana gusa hoton wuri huɗu cikin tsananin sauri, sai ido ya haɗa su ya ga miliyan 8.3 ɗin. Wannan ba ha'inci ba ne, kuma hoton na fita tas. Ha'incin yana wurin kwalin da aka rubuta wa "Support 4K": ma'anarsa na'urar za ta karɓi hoton 4K amma ta nuna shi a 1080p, wani lokaci ma ƙasa da haka. Tambayi ainihin adadin ɗigon da take fitarwa. Sannan ka tambayi kanka me za ka kalla. Tashoshin dikoda da finafinan Hausa na YouTube galibi ba sa wuce 1080p. Netflix a 4K yana buƙatar intanet mai gudun akalla megabit 15, kuma yana iya cin data har gigabait 7 a awa ɗaya. In kuma kujerarka ta wuce mita 4 daga hoto mai inci 100, idon yawancin mutane ba zai bambance su ba. A ra'ayina, 1080p mai haske sosai ya fi 4K mai rauni amfani a falon Legas.

Lezar kanta iri biyu ce. Akwai mai leza ɗaya shuɗiya da ake sarrafa sauran launuka daga gare ta, akwai mai uku, ja da kore da shuɗi. Mai uku launinsa ya fi ƙarfi, filin ƙwallo ya fito kore shar, amma wasu kan ga ɗan ƙyalƙyali kamar yashi a kan hoton, masu tabarau kuma su ga ɗan launi a gefen rubutu. Wasu mutanen kuma suna ganin walƙiyar bakan gizo a majigin da ke aiki da maduban nan idan suka juya ido da sauri, abin da ba ya faruwa a irin na Epson mai LCD uku. Wannan ba abin da wani zai duba maka ba ne, sai ka tsaya gabansa da idonka, in da hali ka je da uwargida, tunda tare za ku kalla. Babban amfanin leza shi ne daɗewa. Ƙwan tsohon majigi kan mutu bayan awa dubu kaɗan, ita kuwa ana ba ta awa 20,000 ko fiye kafin haskenta ya ragu sosai. A kallon awa 4 kullum, shekara 13 ke nan da ɗoriya.

Wuta ba za ta ci maka da yawa ba. Ƙananan galibi ba sa kaiwa wat 100, manyan kuma tsakanin 150 da 250 suke. Na'ura mai wat 150 in ta yi awa 4 ta ci yunit 0.6 ne kawai, don haka ko kana layin Band A, inda yunit ya haura Naira 200 a watan Afrilun 2024, ba ita za ta cinye maka kati ba. Abin tsoro shi ne hawa da saukar wutar. Ko kana ƙarƙashin Ikeja Electric ko Eko, kada ka soka majigi kai tsaye a soket ɗin bango. Sa masa sitabilaiza, in da hali ka ƙara ƙaramin UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, domin in an ɗauke wuta ka samu damar kashe shi da rimot fankarsa ta gama sanyaya shi. Lokacin juya layi daga janareta zuwa wutar gari ka kashe shi tukuna. Mai inbata ya tabbata tasa mai fitar da wuta mai tsabta ce, wadda masu sola ke kira pure sine wave. In na'urar daga Amurka aka shigo da ita, karanta jikin cajarta: in an rubuta 100–240V lafiya lau, in 110 ko 120 kaɗai ne, kada ka kuskura ka soka.

Bango fari mai santsi zai yi aiki, muddin fentin ba mai sheƙi ba ne. Fenti mai sheƙi yana tara haske wuri ɗaya a tsakiyar hoto, ruwan madarar nan da masu gida ke son shafawa kuma yana mayar da farin kaya rawaya. In mai gida ba zai bari ka sake fenti ba, sayi allon yadi da ake ɗaurewa a firam. Akwai allo na musamman mai ture hasken fitila da na taga, yana taimakawa ƙwarai, amma na majigin dab-da-bango daban yake da na mai nisa, kada a sayar maka da wanda bai dace ba. Wajen ajiye na'urar, sa ta fuskanci tsakiyar bangon sak. Sababbin suna iya miƙe hoton da kansu in an ajiye su a karkace, sai dai gyaran yana yanke wani sashe na ɗigon da hasken da ka biya kuɗinsu. A yi amfani da shi don ɗan gyara kaɗan kawai.

Zafi da laima su ne ciwon Legas. Yawancin majigi an yi su ne don ɗakin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, kuma falon da ke ƙarƙashin kwano a watan Fabrairu da Maris yana kusantar hakan. Bar masa sarari kamar taƙi biyu ta kowane gefen da iska ke fita, kada a cusa shi cikin kabad, kada a ɗora shi a kan katifa ko kafet. Da damina kuma laima na iya haifar da fumfuna a cikin gilashin idonsa, musamman a unguwannin bakin ruwa. Kunna shi a kai a kai yana korar laimar. In za ka yi tafiya gida Arewa ka daɗe, mayar da shi kwalinsa tare da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Gilashin kuwa da ƙyallen goge tabarau ake share shi, ba da bakin riga ba.

Ranar saye, ko Alaba ka nufa ko Computer Village a Ikeja ko shagon dillalin kamfani, tafi da filasha mai ɗauke da hoto fari fat, da baƙi ƙirin, da wani mai ƙananan rubutu har kusurwoyi huɗu. A farin za ka ga tabo ko wurin da launi ya sauya. A baƙin za ka ga ko akwai fararen ɗigo da suka maƙale, alamar maduban sun fara lalacewa, kuma irin wannan ƙaruwa yake yi. Rubutun zai nuna maka ko tsakiya da gefe suna fita daidai a lokaci guda. Bar shi ya yi kamar rabin awa a kunne ka saurari fankar. In na hannu ne, shiga cikin saitinsa ka duba awannin da lezar ta yi. Duba harshen da ke ciki ma, domin wanda aka yi don kasuwar Sin yakan zo babu manhajojin Google, wani kuma Netflix ba ya buɗewa a kansa sai an soka masa 'yar na'urar kallo ta intanet irin Fire TV Stick ta ramin HDMI. Farashi yana bin dala, don haka ka zagaya shago uku ko huɗu a rana guda, ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da sharaɗin garanti a rubuce.

Sifikar cikinsa za ta ishi ɗakin kwana, amma a falo mai fanka da ƙarar janaretan maƙwabta sai ka ƙara ta waje. Haɗa ta da waya ta ramin HDMI mai alamar ARC ko eARC, domin Bluetooth kan sa magana ta makara a bayan motsin baki. In akwai yara a gidan, ɗora majigin inda tsayinsu bai kai ba, ka kunna saitin da ke rage haske idan mutum ya gitta gabansa, ka kuma ja musu kunne cewa ba a leƙa idonsa yana kunne.